Yadda ake shirya kokowar gari don sulhu da karatun ɗiya mata

Na yi shekaru ina koyarwa a ƙauyukan Adar, na kuma san mutanen da ke amsa kira in mai shela ya zaga ya ce a taru a lakwal, wato makarantar boko, kan maganar karatun ɗiya mata: tsofaffi kamar goma, rabinsu na gyangyaɗi, sai ƴan kwamiti da suka zo don kunyar darekta, shugaban lakwal. Amma a kaɗa gangar kokowa da la'asar, har mai jan ruwa sai ya bar guga a bakin rijiya. Mu mutanen Tawa ba sai an gaya mana ba. A nan aka fara gasar takobin ƙasa, babbar gasar kokowa ta Nijar, a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka, kuma har gobe in jihohi takwas suka kawo ƴan kokowarsu goma-goma, kasuwa kanta sai ta yi sanyi, kowa na manne da rediyo.

Wannan taron da ganga ke tarawa kyauta shi muke ara. Manomi da makiyayi su zauna kan tabarma ɗaya, uban yarinya ya ji magana daga bakin wanda yake jin nauyi, mu kuma mu tashi da sunaye a rubuce. Na shirya irin wannan wasa sau da dama. Wani ya yi kyau, wani ya kusa jawo mini abin da ba zan manta ba. Ga yadda nake yi yanzu.

Kayan da za ka tanada

- Fili mai yashi, da amalanke biyu ko uku na ƙarin yashin gulbi
- Tsofaffin buhuna da za a cika da yashi a yi da'ira, da igiya doguwa da turaku
- Lasifika da batir mai caji, ko injin wuta
- Makaɗan kokowa da sanƙira mai murya
- Alƙalai uku, usur, agogo
- Randuna ko jarkokin ruwa, na ƴan wasa daban, na ƴan kallo daban
- Rumfa biyu, tabarmi, da bencinan lakwal in darekta ya yarda
- Tebur ɗaya, manyan kaye (littattafan rubutu) biyu, bik (biro)
- Ma'aikacin likita da akwatin maganinsa
- Kyaututtuka: na ƴan kokowa, da kaye, bik, allo, jaka da sabulu na ƴan mata
- Takardar izini daga hukuma

In babu lasifika, sanƙira biyu a kusurwa biyu sun wadatar, haka kakanninmu suka yi. In babu buhuna, a ja da'ira da toka a dinga sabuntawa. Ruwa, izini da kayen rubuta sunaye kam ba su da madadi.

1. Sa rana

Kokowa ta bayan kaka ce, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, ciki ya cika, samari ba su riga sun kama hanyar Abijan ko Libiya ba. Ka nemi rana tsakanin ƙarshen Nuwamba da tsakiyar Disamba. Wannan lokaci ya dace da buƙatunmu biyu. Na farko, shi ne sa'ad da dabbobi ke gangarowa daga arewa alhali wake da wasu dammuna na gona, kuma hukuma ba ta riga ta sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi ba, nan ne rigima ta fi tashi. Na biyu, kuɗin kaka sun shigo hannu, ana ta ɗaurin aure, kuma a makonnin nan ne kujerun ƴan matan CM1 da CM2, wato aji biyar da shida na firamare, ke fara zama wayam.

Wani zai ce ai an shiga lakwal tun Oktoba, an makara. Ɗaukar sababbi kam an makara. Wasan na riƙe waɗanda ke ciki ne, da rubuta waɗanda za su shiga baɗi. Kada ka sa rana ɗaya da gasar takobi, babu wanda zai bar rediyo ya zo wurinka. Ka kauce wa ranar kasuwar garinku, don uwaye mata ba za su zo ba.

2. Gaisuwa, kuma bi da bi

Wata guda kafin ranar za ka fara yawo. Wanda ka fara gani da wanda ka bari daga baya, duk gari zai sani, saboda haka kada ka yi tsallake.

Mai gari ne farko. Ka je da goro, ka ce: "Ranka ya daɗe, samari na son su yi wasan kaka a ƙarƙashinka, muna son a gayyato maƙwabta har da mutanen ruga." Ka bar wasan ya zama nasa. Daga nan sai liman. Ka gaya masa komai tun kafin ya ji a bakin wani: za a tsaya in an kira salla, mata na da rumfarsu, ƴan kokowa za su sa gajeren wando ƙarƙashin walki, babu caca a bakin fili. Ka roƙe shi ya buɗe da addu'a, ya kuma faɗi kalma biyu kan neman ilimi. Limamin da aka shawarta tun farko ba ya juya maka baya a huɗubar Juma'a.

Ruga kuwa da ƙafarka za ka je, kada ka aika yaro. Ka zauna, ka sha nonon da aka ba ka, ka gayyaci ardo a matsayin mai masauki tare da mai gari. In akwai zangon Buzaye kusa, haka za ka yi musu. Sannan magajiyar mata da ƙungiyar uwayen ƴan lakwal, sai darekta da kwamitin kula da lakwal. Daga ƙarshe ka kai takarda ma'aikatar magajin gari, a sanar da jandarma. A wuraren da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ka tambayi ƙa'idar taro da ta babura, ka kuma shirya a watse kafin magariba.

3. Kwamiti da kuɗi

Mutum bakwai sun isa: biyu daga gari, biyu daga ruga, mata biyu, malamin lakwal ɗaya. Kuɗi a hannun mace za su zauna, zai fi kyau wadda ta saba riƙe asusun Mata Masu Dubara, ƙungiyar adashen mata, don ta iya lissafi a gaban jama'a. A karɓi gudummawar hatsi, ta akuya da ta kuɗi, a kuma kira ƴan garin da ke ci-rani a waya, su ne suka fi sakin hannu in an ce kokowar garinsu ce.

Tun ranar farko a raba abin da aka samu gida uku: ɗawainiyar fili da abinci, kyautar ƴan wasa, kason ƴan mata. A rufe na ukun. In ba haka ba makaɗa da baƙi za su cinye shi kafin azahar. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma babu tuta, babu hula mai alamar jam'iyya, kuma ba a ba shi lasifika.

4. Haɗa ƴan wasa

Nan ne wasan ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma nan na yi babban kuskurena. Shekarar farko na raba fili biyu, samarin gari gabas, samarin ruga yamma, ina ganin haka zai fi armashi. Karo na huɗu wani siririn yaro makiyayi ya sa wa ɗan mai unguwa ƙafa ya shimfiɗe shi. Kafin ƙura ta lafa sai na ji wani daga baya ya ɗaga murya: "To shanunku sun cinye muna wake, yanzu kuma ku kada muna ɗiya?" Na ga sanduna sun tashi sama kamar karan dawa. Wani tsohon ɗan kokowa ne ya cece mu, ya faɗa tsakiyar fili ya ɗaga yaron a kafaɗa yana rawa da shi, makaɗa suka bi shi, aka mai da abin dariya. Daren nan ban runtsa ba.

Tun daga ranar ba na barin gari ya kara da ruga, ko unguwa da unguwar da suke ƴar tsama. Ga abin da ake yi. A rubuta sunan kowane ɗan kokowa a ƴar takarda, a kasa su gida uku bisa girman jiki: yara, matasa, manya. A zuba kowane kashi cikin hula, yarinya ƴar lakwal ta dinga zarowa a gaban kowa, ana rarraba su ƙungiya huɗu. Sunan ƙungiya na itace ne: Gawo, Aduwa, Kalgo, Magarya. Kowace ƙungiya a ba ta tsohon ɗan kokowa ɗaya ya zama ubanta, da ƙyalle mai launi da za su ɗaura. Sai ka tarar ɗan Bafillace da ɗan Ba'adare suna ƙarƙashin Gawo, ɗaya na yi wa ɗaya fifita, ƴan kallo kuma sun rasa ɓangaren da za su tsaya a kai sai na ƙyalle.

A yi ƙuri'ar kwana uku kafin wasa, don ƙungiyoyin su yi atisaye tare da dare, su ci tuwo akushi ɗaya. Rabin sulhun a waɗannan dararen ake yinsa, ba mai jawabi ko ɗaya. In ƙuri'a ta haɗa mutum biyu da ka san akwai shari'ar gona ko ta mace tsakaninsu, kada su kara. Uban ƙungiya ya san yadda zai musanya ba tare da an ji ba.

5. Gyaran fili

Ana gobe wasa a share, a tsince ƙaya, duwatsu da fasassun kwalabe, a zuba yashi har ƙafa ta dinga nutsewa. Ni ina auna faɗin da'ira taki ashirin. A jera buhuna, sannan a bar taki biyar a ja igiya, bayanta ƴan kallo za su tsaya. Rumfar manya a yamma don rana ta kasance bayansu da la'asar. Mai gari, ardo da liman tabarma ɗaya ko benci ɗaya, kada a ba wani kujera wani tabarma. Rumfar mata ta kasance inda ake ganin fili sosai, teburin rubuta sunaye a bakinta.

Ƙofa ɗaya ce ta shiga, kuma a nan ake ajiye sanda, takobi, wuƙa, gatari da barandami. Makiyayi ba ya son rabuwa da sandarsa, kuma yana da gaskiya in ya ga shi kaɗai ake karɓe wa. Saboda haka ardo ne zai fara ajiye tasa da hannunsa, mai gari ya bi, masu tsaron kayan kuma mutum biyu ne, ɗaya daga kowane ɓangare.

6. Makaɗa da sanƙira

Bakin maroƙi na iya gina wasa, yana iya ƙone shi. Ka zauna da su tun da wuri, ka biya su rabin ladansu, ka gindaya sharaɗi: a yi wa ɗan kokowa kirari da ƙarfinsa da iyayensa, ban da zambo ga ƙabila, ban da habaicin ɓarnar gona. Wasan taubasai kuwa a sake shi ya yi yawo, irin na Fulani da Arawa ko na Zabarmawa da Buzaye, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai a tabbatar masu yinsa taubasan juna ne na gaskiya, don tsokanar da ba ta da asali zagi ce. In kana da ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan kokowa, ka riƙe su kusa, su ne ruwan kashe wuta in fili ya yi zafi.

Saƙon karatu gajere ne, tsakanin karo da karo, ba ya wuce numfashi uku. Alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati kan kare ɗiya mace mai karatu da tallafa mata. Kai mai shiri ya kamata ka san wannan. Amma kada ka ba sanƙira ya yi ta yayatawa, uba zai ji kamar an tara jama'a ne a ci masa fuska, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Abin da ke shiga kunne shi ne na kusa: wa ke son namiji ya karɓi haihuwar matarsa a likita? To ungozomar da malamar lakwal daga ina za su fito in kowa ya cire ɗiyarsa a CE2, aji huɗu?

7. Wurin ƴan mata

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wasa da sunan ƴan mata, su kuma suna bayan igiya da farantin talla a ka. Ka ba su fili na sosai. Su ke zaro ƙuri'a, su ke rubuta sakamako a babban allo da alli, babbarsu ta karanta sunayen masu karawa a lasifika. Na ga wani dattijo da ya rantse ɗiyarsa ba za ta wuce CM2 ba, ranar da ya ji muryarta tana kiran sunayen manyan ƴan kokowa ba gargada, sai ya dinga taɓa na kusa da shi yana cewa: "Ɗiyata ce wagga." Ban ce wannan kaɗai ya sauya shi ba, amma da muka je gidansa bayan sati biyu ya shimfiɗa mana tabarma.

Kafin manya su shiga, a ba yara rabin awa. Maza su yi langa, a riƙe ƙafa ɗaya ta baya a yi ta tsalle da ɗayar, wanda ya saki ko ya faɗi ya fita. Ƴan mata su yi gaɗa da waƙoƙin da suka tsara da malamarsu, ko tseren gudu in iyaye sun yarda. Inda gari bai saba ba, kada ka tilasta, a yi nasu wasan da safe a farfajiyar lakwal gaban uwaye. Tsofaffi kuma a haƙa musu gurbin dara a inuwa.

Masu talla kada a kore su, ranar ciniki ce ga uwayensu. A ware musu layi kusa da rumfar mata, matan kwamiti su bi su ɗaya-ɗaya suna tambayar ɗiyar wace ce, tana lakwal ko ta bari.

A tebur, kaye na farko na ƴan shekara biyar zuwa bakwai ne da za su shiga CI, wato aji ɗaya, baɗi. Na biyu na waɗanda suka bari ko ake jin za a cire. A rubuta sunan yarinya, na uba, na uwa, unguwa ko ruga, da ko tana da takardar haihuwa. Wannan na ƙarshe kada a manta da shi, don rashin takardar kan tare yarinya sa'ad da za a haɗa takardun jarrabawa. Mace ce za ta zauna a teburin. Namiji in ya zauna, uwaye ba za su matso ba.

8. Ranar wasa

A fara bayan azahar da addu'a, mai gari da ardo su yi magana a taƙaice, sai yara, sai matasa. A tsaya la'asar, sannan manya. Kafin karon farko alƙali ya faɗi ƙa'ida da ƙarfi. Tamu ita ce: wanda bayansa, kansa, mazauninsa ko gwiwoyinsa biyu suka taɓa ƙasa ya faɗi. Babu duka, babu cizo, babu murɗe yatsa, babu watsa yashi a ido. A duba farce, a cire zobe da duk wani ƙarfe, a goge wanda ya shafa mai. Minti goma ga manya, biyar ga yara, in ba a yi kaye ba alƙalai uku su nuna wanda ya fi kai hari.

Laya, guru da kambu ba naka ba ne, kada ka ce za ka hana, za ka rasa ƴan wasa. Lokaci kawai za ka sa musu: an kira suna, minti biyu, wanda bai gama tofe-tofensa ya shigo ba an ba abokin karawarsa. Alƙalin tsakiya baƙo ne daga wani gari, ba shi da ɗa ko ƙane a fili. Bayan kowane kaye, wanda ya yi nasara shi zai miƙa hannu ya tada abokinsa, su je tare su gaida rumfar manya. Wanda ya ƙi, nasararsa ta zube, kuma a faɗi haka tun farko.

9. Kyauta

Zakara ya samu rago ko buhun hatsi da rawani, ardo ya naɗa masa in ɗan gari ne, mai gari ya naɗa in ɗan ruga ne. A ware kyauta ga wanda ya faɗi ya tashi da fara'a. Sannan zakaran, da yashi a jikinsa, shi zai miƙa wa ƴan mata jakunkunansu. Yaran gari har tafiyar Issaka Issaka, shahararren ɗan kokowar Nijar, suke kwaikwaya, zakaran garinku ma haka yake a idonsu.

Kada a ba uba kuɗi a hannu don ya bar ɗiyarsa a lakwal, baɗi zai dawo da sabon farashi. Abin da ya fi riƙo shi ne akuya bisa al'adar habbanaye ta Fulani: a ba uwar yarinyar CM2 aron akuya, ta haihu, ƴaƴan nata ne, uwar akuyar ta wuce gidan wata. Sharaɗin a gaban jama'a ake faɗinsa, yarinya na aji, akuya na gida. Mutanen ruga su suka fi kowa sanin ƙa'idar, ka ba su riƙon wannan sashe.

In garinku babu kwaleji, yau ce ranar neman masauki. Baƙin da suka zo daga garin da ke da ita suna rumfa, sun ci sun sha, ransu fari. Liman ya tambaya wa zai karɓi ɗiya ɗaya a gidansa, a rubuta sunan wanda ya amsa nan take. Ƴan mata da yawa sun ci jarrabawa sun zauna gida don rashin gidan da uwa za ta amince da shi.

10. Bayan an watse

Washegari a tara kwamiti, ma'ajiya ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. A mai da bencina, a kwashe buhuna. Cikin satin nan a kai jerin marasa takardar haihuwa ma'aikatar magajin gari a tambayi yadda za a yi musu.

Kaye na biyu a raba shi tsakanin matan ƙungiyar uwayen ƴan lakwal, kowace ta ɗauki gida biyar. Duk ranar Alhamis ɗaya daga cikinsu ta leƙa lakwal ta tambayi malama wadda ba ta zo ba. Yarinya ta yi kwana uku babu ita, a je gidan, uwa wurin uwa tukuna. In an ji an fara karɓar kayan toshi, sai a tura liman da uban ƙungiyar kokowa wurin mahaifin, da dare, ba da rakiyar jama'a ba, kuma a fara da neman a jinkirta biki har ta gama shekarar, wannan ya fi saurin karɓuwa. Iyayen ƙungiyoyin nan huɗu su ne kuma za ka kira in dabba ta shiga gona kafin ranar saki, su riga masu sanduna isa wurin, su kai maganar gaban mai gari da ardo a kimanta ɓarna.

Kaye na farko kuwa ka sa shi cikin leda saboda gara, ka ba darekta kwafi. Ƙarshen Satumba za ka fito da shi, a bi gida-gida ana kiran suna.